Wai me ake nufi da farin wayin mai "crisp", kuma ina haɗinsa da noman oganik?

Ɗan Sabon Tasha:

Jama'a barkanmu da war haka. Dan Allah ina da tambaya amma kar a min dariya. Wata na huɗu kenan da fara aikin weta a wani otal nan cikin gari, ɓangaren cin abinci. Daren Asabar ɗin nan wasu baƙi uku suka zo, maza biyu 'yan ƙasa da wata baturiya, da ganinsu irin masu zuwa taron bita ɗin nan ne, suka yi odar gasasshen kifi da dankalin turawa, sai matar tace in kawo mata farin wayin, wato farar giyar inabi, ta ƙara da cewa wai mai "crisp", in da hali kuma na oganik. Ni dai na gyaɗa kai na juya kamar na gane amma wlh kaina ya ɗaure, don ni a sanina kalmar nan ta abin taunawa ce, abu mai garas-garas kamar ƙuli-ƙuli ko soyayyen dankali, to ta yaya ruwa zai yi garas-garas a baki? Na je na ɗauko kwalbar da aka fi saya a wurinmu, mai zaƙin nan da mata ke so ranar bazdei, na zuba mata. Ta kurɓa sau ɗaya ta yi murmushi ta ture kofin gefe tace in kawo mata ruwa kawai. Oga na hango mu daga kanta, bayan sun tafi ya kira ni ya wanke ni tas, amma abin haushin shi ma da na tambaye shi ma'anar sai yace in ɓace masa da gani.

Toh masu sani ku taimaka. Mene ne wannan crisp ɗin, kuma shi na oganik ɗanɗanonsa daban ne da har za a gane a baki?

Tsohon Baman:

Hahaha ƙanina ka tuna min da farkon zuwana Legas. Shekara 19 na yi a bayan kanta, Legas da Abuja, kafin gwiwa tace ta gaji na dawo gida Barnawa. Zauna ka ji.

Abin da matar nan ke nema tsami ne, amma ba tsamin abin da ya lalace ba. Ka san in ka ɓare tsamiya ka jefa a baki, ko ka gatsa ɗanyen mangwaro, yadda yawu ke tsinkewa ta gefen harshe nan take? To shi. Kuma ba misali kawai na kawo maka ba, sinadarin da ke sa tsamiya tsami, wanda ake kira tatarik, shi ne dai babban tsamin da ke cikin inabi, na biyunsa kuma malik, irin na koriyar tuffa. In wayin yana da wannan tsamin a tsaye, babu zaƙi, ga sanyi, ka kurɓa ya wuce ya bar bakinka wasai kamar an ɗauraye, bai manne maka a harshe ba, shi ne abin da suke nufi. Ba wai ya kashe maka haƙori kamar lemon tsami zalla ba, a'a, ya dai farkar da baki. Wanda ka kai mata kuwa kishiyarsa ne, sukari ya danne komai, kamar mutum ya nemi ruwan randa ka miƙa masa kunun zaƙi.

In ka ga an rubuta dry a jikin kwalba, ko sec in na Faransa ne, ko trocken in na Jamus ne, ba busasshe ake nufi ba, yis ne ya cinye sukarin inabin kusan duka ya mai da shi barasa. Nan za ka fara dubawa.

Yadda ake yinsa ma shi ke kawo halin. Farin wayin ana matse inabin ne a raba ruwan da ɓawo da 'ya'yan tun kafin ya fara tashi, shi ya sa ba shi da baurin nan na jan wayin mai kama baki kamar ka ci goro ko ɗanyar ayaba, baurin daga ɓawo yake. Sai a zuba ruwan a manyan tankunan ƙarfe marasa tsatsa a bar shi ya tashi a hankali cikin sanyi, wajen digiri 12 zuwa 18, don kar ƙamshin 'ya'yan itacen ya gudu. Akwai wani mataki da wasu ke bari ya faru, wasu ƙwayoyin bakteriya su juya tsamin tuffan nan ya koma irin tsamin nono mai laushi, har ka ji yana ƙamshin man shanu, sannan a kwantar da shi a gangar katako. Wannan wani salo ne daban, masu sonsa na sonsa, amma mai neman crisp ba ya so a yi masa haka, tsamin yake so a bar masa da kaifinsa.

Sunayen da za ka riƙe kuwa, na farko Sauvignon Blanc, in ka haddace wannan kaɗai ka rage rabin kunyar. Asalinsa Faransa, wajen kogin Loire akwai wani gari Sancerre da ya yi suna da shi, sannan yankin Marlborough a Niyu Zilan inda aka fara dasa inabi gadan-gadan a 1973, nasu in ka buɗe kwalbar ƙamshi kamar an yanka gwaiba kusa da koren tattasai, ban taɓa mantawa da ranar da na fara shinshinawa ba na zaci wasa ake min. Sai Chenin Blanc na Afirka ta Kudu wanda shi ya fi sauƙin samu a nan kuma kuɗinsa da dama-dama, sai Pinot Grigio na Italiya, Vinho Verde na Fotugal, Albariño na arewacin Sifaniya bakin teku inda suke shansa da kifi. Riesling na Jamus ka yi hattara da shi, tsaminsa ya fi na kowa amma da yawansu da zaƙi, sai ka ga trocken ɗin nan tukuna. Barasar irin waɗannan yawanci tsakanin kashi 11 zuwa 13 take, in ka ga fari ya kai 14 da wani abu toh ka san mai nauyi ne, ba shi take nema ba.

Zancen oganik kuma na bar wa manoma, ni iyakata kanta.

Abu Unguwar Sanusi:

Ɗan uwa ni dai shawarata in kai musulmi ne ka nemi a canza maka ɓangare, don mai ɗauka da mai miƙawa duk an ambace su a hadisin giya, ba mai sha kaɗai ba. Allah ya hore maka wani aikin.

Ɗan Sabon Tasha:

Na gode ɗan uwa, ni kirista ne, kuma ko a gidanmu ba a sha, babana dattijon coci ne. Aiki ne kawai ya haɗa mu. Abokin aikina musulmi shi tun ranar farko yace ba ya taɓa kwalba kuma an bar shi a ɓangaren abinci, shi ya sa duk teburin da aka ce wayin ni ake turawa. Baba Baman na gode sosai, na kwafe sunayen a waya.

Malamin Gona Mai Ritaya:

Assalamu alaikum. Ni ban taɓa kai ta bakina ba kuma ba zan kai ba, amma kurangar inabi amfanin gona ce kamar kowace shuka, kuma a Samaru na yi karatuna na aikin gona, don haka ɓangaren gonar zan taɓa.

Ɗana, oganik ba ɗanɗano ba ne, ƙa'idar noma ce. Ma'anarsa manomin bai zuba takin zamani ba, bai fesa maganin ciyawa ba, bai fesa magungunan ƙwari da na cuta irin na kamfani ba. Taki sai na dabbobi da ruɓaɓɓen ganye, ciyawa sai a nome ko a sako tumaki su kiwace ta tsakanin layuka, wasu su shuka dangin wake a tsakani don ƙasa ta samu ƙarfi, kamar dai yadda iyayenmu ke haɗa gero da wake. Akwai ma wata gona a Stellenbosch ta Afirka ta Kudu da kullum safe ake sakin garken agwagi cikin inabin su tsince dodon koɗi, ka ga an huta da sayen magani. A Tarayyar Turai sai gona ta shekara 3 a kan wannan tsarin ana zuwa ana dubawa kafin a yarda a sa mata tambarin, wani koren tambari ne da taurari suka yi siffar ganye, shi za ka duba a bayan kwalba.

Amma kar ka ɗauka ba a feshi sam. Ana yi, har wani lokacin ya fi na sauran yawa. Inabi na da manyan abokan gaba guda biyu, cututtukan fumfuna ne da suka shigo Turai daga Amurka, ɗaya ta yi fari-fari a ganye kamar an barbaɗa gari, ɗayar kuma mai son danshi aka fara ganinta a Faransa a 1878. Maganin ta farkon farar wuta, na ta biyun kuma haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa, wanda wani masani Millardet ya fito da shi a 1885 a yankin Bordeaux. Su biyun nan an yarda mai oganik ya fesa tunda daga ƙasa aka haƙo su. Matsalar ita ce ba sa shiga jikin shuka, a saman ganye suke zama, ruwan sama ɗaya ya wanke sai a sake ɗaukar famfo. Tagullar kuma ba ta ruɓewa, taruwa take a ƙasa shekara bayan shekara har ta fara kashe tana, shi ya sa daga 2019 Turai ta ƙayyade kilo 28 a hekta ɗaya cikin shekara 7, wato kilo 4 a shekara in an raba. Kaga kenan abin ba tsarki ne gaba ɗaya ba kamar yadda masu talla ke nunawa, ko da yake ni dai in za a ba ni zaɓi, gonar da ake sakin tumaki a ciki ta fi min wadda aka ƙone ciyawarta da magani ƙasa ta koma kamar siminti.

Akwai kuma abin da ake zubawa cikin kwalbar don kar ya lalace, salfait, dangin farar wuta ne. Tun 2012 dokar Turai ta ce farin oganik mara zaƙi kar ya wuce miligiram 150 a lita, na gama-gari kuwa har 200. A Amurka sun fi tsanani, in za a rubuta oganik kai tsaye to ba a ƙara salfait ko kaɗan, in an ƙara sai dai a rubuta cewa da inabin oganik aka yi. Wannan na cikin manyan wuraren da dokar ta taɓa abin da ke cikin kwalba.

Shi kuwa tsamin da Baman ya yi bayani, yanayi ne da ranar girbi ke kawo shi, ba taki ba. Inabi yana ɗanye tsami ne zalla, yana nuna sukari na hawa tsami na sauka, kuma zafi na sa kurangar ta ƙone tsamin malik ɗin da sauri musamman in dare ma ba sanyi. Shi ya sa wuraren da ya lissafa yawanci ko dai ƙasar sanyi ce ko bakin teku ko kan tudu, kuma da yawansu da daddare ko da asuba suke tsinka. Manomi ya makara da mako ɗaya cikin zafi, ko gonarsa ta fi kowace gona oganik a duniya abin zai fito lami. Don haka in wani yace maka yana gane oganik daga kurɓa ɗaya, ka dai yi masa murmushi. Abin da na yarda da shi shi ne mai irin wannan noman dole kullum yana cikin gonarsa yana juya ganye yana dubawa, tunda ba shi da maganin da zai cece shi in ya yi sakaci, kuma wanda ke cikin gona kullum ba ya kuskuren ranar tsinka.

Manomin Hunkuyi:

Malam ranka ya daɗe ka faɗi gaskiya kan zancen feshin nan. Mu nan Kudan muna noman inabi, na ci dai, a kai Zariya da Kaduna da Kano har Abuja, wataƙila ma wanda kuke gani a faranti wajen Kawo namu ne. Wata shekara na ce bari in gwada layi uku ba maganin kanti, takin kaji kawai da ruwan ganyen darbejiya da nake jiƙawa a duro. Ƙwari kam ya rage su ba laifi, amma da ruwan Agusta ya zauna kwana huɗu ba rana sai na ga bayan ganyen ya yi fari kamar auduga, saman kuma ɗigo-ɗigo kamar an ɗiga mai, kafin sati biyu layi ukun nan sun zube ganye tas sai sanduna a kan rumfa. Su can Turai lokacin da inabinsu ke nuna ba irin ruwanmu suke samu ba, mu kuwa damina ce ke cin mu, shi ya sa muke aske rassansa yadda nunarsa za ta faɗo cikin rani.

Zancen tsami ma haka ne. Wanda ya nuna cikin hunturu, dare da sanyi rana da zafi, za ka ji zaƙi da ɗan tsami tare, ka ci nono ɗaya ka ƙara. Wanda ya shiga zafin bazara zaƙi ne salam. Amma mutanenmu mai zaƙin suke so, dillali ya ɗanɗana ya ji tsami sai ya karya maka farashi yace bai nuna ba, ashe wani wurin tsamin ake biya da tsada, ikon Allah.

Anti Mai Girkin Biki:

Ni tausayin yaron nan nake ji, an jefa shi ruwa ba a koya masa iyo ba. Ƙanina ba laifinka ba ne.

Ka lura da abin da ta yi oda, gasasshen kifi. Me kake matsawa a kan gasasshen kifi? Lemon tsami. To aikin da wayin ɗin zai yi mata kenan, ya yanke maiƙo da ƙarni, kowace loma ta zama kamar ta farko. Amma kar ka ɗauka kullum shi ne daidai, in mutum ya yi odar farfesun kayan ciki irin namu da attaruhu ya ji, barasa ƙara wa yaji wuta take yi, a nan mai ɗan zaƙi-zaƙin ya fi dacewa, kaga da farfesu ta ci da kwalbarka ba ta sha kunya haka ba.

Abin da ba wanda ya faɗa maka kuma shi ne zafin garin nan. Irin wannan wayin ba na ajiya ba ne, zancen wai giya tana tsufa tana ƙara daɗi ba da shi ake ba, yawancinsu cikin shekara ɗaya zuwa uku ake shanyewa. Ga shi ya sha zaman kwantena a tashar jirgin ruwa, ya sha hanya a bayan mota daga Legas, ya zo ya zauna a shago cikin zafin Maris da Afrilu ba wuta, to me ya rage? Na taɓa yin girkin wani biki a Narayi dangin ango suka kawo katan biyu da kansu suna ta alfahari da kuɗin da suka kashe, aka buɗe ta farko na ga launin ya koma kamar shayin da ba madara, wari kamar tuffar da aka yanka aka manta tun jiya, katan biyun nan haka aka mai da su but. Lafiyayye launinsa fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa har da ɗan kore-kore in ka ɗaga shi a haske. Ka riƙa duba shekarar da ke jiki, na Afirka ta Kudu da Niyu Zilan suna girbi ne tun wajen Fabrairu zuwa Afrilu don haka nasu na sabuwar shekara kan riga na Turai fitowa, ka duba lambar NAFDAC kuma, jabu sun yi yawa.

Sanyi wajen digiri 8 zuwa 10 ya isa. Ba a jefa shi firiza ya daskare, bokiti za ka samu ka zuba ƙanƙara da ruwa tare, ruwan ne ke sa ya yi sanyi da wuri, minti 20 zuwa 30. Kar ka cika kofi, kashi ɗaya cikin uku, don kar ya ɗumame kafin ta shanye.

Su kuma kwalaben da ake fasawa a bikin musulmi masu kumfa ɗin nan, yawanci ruwan inabi ne da gas da sukarinsa cif, bai taɓa tashi ba, don haka kar wani yace maka mara zaƙi ka kai masa shi. Ni in kwastomomina marasa sha suka ce suna son abin da zai wanke baki bayan kifi, tsamiya nake jiƙawa in tace ta sosai ta yi ruwa-ruwa, sukari ɗan kaɗan, kokwamba da na'a-na'a, a sa ƙanƙara. Ba a taɓa dawo min da jog da saura ba.

Ɗan Sabon Tasha:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba Malam, Anti, kowa da kowa. Yau da na shiga aiki na roƙi mai sito ya buɗe min na duba. Ashe muna da Chenin Blanc har kwalba biyar, ɗaya ma da koren tambarin ganyen nan da Malam ya faɗa, ni ban taɓa kula ba don suna can saman kanta ta ƙarshe, daidai bayan firiza inda iska mai zafi ke fitowa, ga taga rana na dukansu tun la'asar. Na ɗaga su a haske kamar yadda Anti tace, uku sun yi ja-ja, shekarar jikinsu shida baya, biyun kuma na bara ne launinsu garau. Na sauko da biyun na sa a ƙasan firij na ruwa, ukun na jera wa oga a teburinsa ban ce komai ba. Ya ɗaga ɗaya ya duba ya duba, sai yace wa ya koya min, nace wasu iyayena ne.

Baƙin nan kuma resepshon sun ce sai Juma'a za su tafi. Baba Baman yaya ake furta Chenin ɗin nan, kar in je gabanta in sake kwafsawa?

Tsohon Baman:

Shenan Bilan, ka ɗan sa shi ta hanci. In ya gagara ka juya mata kwalbar kawai ta karanta da kanta, ka zuba kaɗan ta ɗanɗana tukuna, kuma kar ka riƙe kofin ta ciki, ta ƙafa ake riƙewa.